Liman da Maganar Giya

Na san akwai wanda daga ganin kan rubutun nan zai yi salati ya ce, yau kuma liman ne da maganar giya a mujallar unguwa? To a kwantar da hankali, giyar mota nake nufi, wadda ake sakawa a yi gaba ko a yi baya. Ita ma ba kowace iri ba, giyar otomatik ta tsofaffin jif-jif ɗin nan da suka cika Sabo, waɗanda muka sayo tokumbo shekaru goma ko sha biyar da suka wuce, muke ta lallaɓawa har yau. Ni ba bakanike ba ne, goro nake saye ina turawa Arewa. Amma shekarata goma sha ɗaya da irin wannan mota, kuma a kan idona 'yan uwa suke asarar giya ɗaya bayan ɗaya a kan abu guda, wato zafi. Ga Babbar Sallah ta ƙarato, masu zuwa gida sun fara ɗaure kaya, shi ya sa na roƙi masu mujalla su ba ni fili.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, Naira kuma ta yi faɗuwar da ta yi, sayen wata motar ya fi ƙarfin yawancinmu. Wadda ke hannunka ita za ka ci gaba da riƙewa. Kuma a nan Sabo mota ba ta mai ita ba ce shi kaɗai. Saboda ita ake buga maka ƙofa da tsakar dare a kai mai naƙuda UCH, ita ke ɗaukar wakilan ango zuwa ɗaurin aure a Shagamu ko Ogbomosho, ita ke bin gawa maƙabarta. Kakanninmu da aka yanka wa wannan unguwa a 1916, da ƙafa aka riƙa koro musu shanu, jirgin ƙasa ya kai musu goro Kano. Mu kuwa titi ne rabonmu: Oyo, Ogbomosho, Ilori, Bode Sa'adu, a haye kogin Kwara a gadar Jebba, a isa Mokwa, sannan kowa ya kama tasa, wasu Bida, wasu Tegina, wasu Kontagora zuwa Yawuri. Mai zuwa Kano ko Sakkwato sama da kilomita 800 ke gabansa. Kowa ya san akwai wurare a hanyar nan da ba ka fatan mota ta tsaya maka da mata da yara bayan la'asar. Idan taya ce, minti ashirin ka canza ka wuce. Idan giyar otomatik ce ta saki, ba abin da ake iya yi mata a bakin titi.

Tawa motar Toyota 4Runner ce ƙirar 1998, mai inji V6 lita 3.4, da giya huɗu da ake kira A340F, aikin kamfanin Aisin na Japan. Mota ce mai juriya ƙwarai, kuma giyarta na cikin waɗanda makanikai ke yabo. Sai dai a duba abin da muke ɗora mata. A jikin ƙofar direba akwai takardar da ta faɗi iyakar nauyin mota, kuma idan ka cire nauyin ita kanta motar, abin da ya rage wa mutane da kaya bai wuce kilo 600 ba. Yanzu yi lissafi da ni. Manya biyar, kowa kilo 70, ka sami 350. Buhun shinkafa uku na tsaraba, 150. Ga jarkokin manja, ga doya, ga garin rogo, ga akwatunan mata a kan kariya, ga yara uku a but. Tun ba ka fita Ojoo ba ka wuce iyaka. Ni kuma ban da tafiyar gida, da ita nake shiga ƙauyukan Ijebu da Ife da damina in ɗauko huhun goro, ta hanyoyin da taɓo ke kai wa rabin taya. Inji yana jure wannan, giya ce ke shan wahalar a ɓoye.

Bari in faɗi yadda na fahimci abin, da bakin ɗan kasuwa. A motar manuwal, idan ka saki kuloci, inji da giya sun haɗe ƙarfe da ƙarfe. A otomatik kuwa mai ne ke tsakaninsu. Akwai wani ƙarfe kamar ƙwarya biyu da aka kifa wa juna, makanikai na ce masa kwambata, cike yake da jan man giya. Ka ɗauki fanka biyu ka sa su fuska da fuska, ka kunna ɗaya, za ka ga iskarta ta juya ɗayar. Haka yake a cikin kwambata, sai dai mai ne a madadin iska. Fankar inji na watsa mai, man na juya fankar giya. Duk lokacin da ta inji ta fi ta giya sauri, wannan bambancin zafi yake zama. A titi mai kyau, idan mota ta miƙe ta kai kilomita saba'in ko tamanin, akwai wani kuloci a ciki da ke kulle fankokin biyu su zama abu ɗaya, sai zafi ya sauka. Amma a goslo, ko hawan tudu da kaya, ko cikin taɓo, wannan kulli ba ya kamawa, man kawai ake ta kaɗawa kamar ana dama fura. Ibadan kuwa gari ne na tuddai da goslo. Wanda ya taɓa hawa Mokola da yamma ko ya maƙale a Iwo Road ya san zancen.

Man giya aiki uku yake yi: shi ke ɗaukar ƙarfin inji, shi ke matse faifan da ke canza giya, waɗanda ake kira faiba, shi ne kuma ke kwashe zafi. Ya fi jin daɗin aiki a wajen digiri 80. Masu gyaran giya suna da wata ƙa'ida da suke aiki da ita, cewa daga nan duk ƙarin digiri goma yana rage rabin kwanan man. Idan mai ya ƙone, faiba ta fara sulɓi, sulɓin ya ƙara zafi, zafin ya busar da robobin ciki su taurare, matsin mai ya ragu, sulɓi ya ƙaru. Haka abin ke cin kansa har ranar da za ka saka D ka taka totur, inji ya yi ta kuka mota na tsaye. Akwai fitilar gargaɗi a gaban direba mai rubutun A/T OIL TEMP, amma ba ta kamawa sai mai ya kai kusan digiri 150. Kafin ta yi magana an daɗe ana ɓarna. Allurar zafin da muke kallo kuwa ta ruwan inji ce, ba ruwanta da giya.

Wanda ya buɗe min ido a kan wannan wani dattijo ne Bayarabe mai gyaran giya kawai, ya yi shekaru a Sabon Garin Kano, Hausarsa ta fi ta wasu yaranmu. Na kai masa motar ne ya duba min ita kafin wata tafiya, lafiyarta ƙalau a lokacin. Ya zaro sandar awon mai ya ɗiga a farar takarda, ya shinshina, ya ce, "Alfa, giyarka ba ta lalace ba, amma tana shan rana. Me kake ɗauka da ita?" Na gaya masa. Ya ce, "Kada ka sayi komai tukuna. Mu sa mata agogon zafi, ka yi wata ɗaya kana kallo, sannan ka dawo ka ba ni labari." Wannan magana ta burge ni, domin bakaniken da zai hana ka kashe kuɗi yau ba kullum ake samunsa ba. Ya ɗaura ma'aunin a bututun da ke fitowa daga giya, inda mai ya fi zafi, ya kafa min agogon kusa da sitiyari.

Abin da na gani cikin watan nan ya isa wa'azi. A sabon titin Oyo, ba kaya, allura na zaune a wajen 80. A goslon Iwo Road da Esi a kunne, ta haura 100. Ranar da na fito daga wani ƙauye da huhu takwas bayan ruwan sama, sai da ta kusa 120, alhali allurar inji ko motsi ba ta yi ba, mota kuma na tafiya kamar ba komai. Daga nan muka tsara aiki, kuma ga yadda muka bi shi daki-daki, don mai irin motar ya san abin da zai nema a gareji.

Da lagireto muka fara. Mutane da yawa ba su san cewa man giya ta cikin lagireto yake bi ba. A tankin ƙasa akwai wani ɗan bututu a nutse cikin ruwa, man na shiga ta gefe ɗaya ya huce ya fita ta ɗaya. Idan lagireto ya tsufa, ko an daɗe ana ɗura masa ruwan rijiya zalla ba ruwan lagireto ba, tsatsa na iya huda bututun, ruwa da mai su gauraye. Na gani da idona a motar wani maƙwabcina: ya buɗe murfin lagireto ya tarar da wani abu mai kauri kamar yogot mai launin hoda. Ruwa kaɗan ya isa ya ɓamɓare faiba daga jikin ƙarfenta, kuma giyar tasa ba ta ƙara moruwa ba. Masu Nissan Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 su ƙara lura, domin a Amurka, inda ake kawo mana su, sai da kamfanin ya tsawaita garantin lagiretonsu saboda irin wannan matsala. Lagireton tawa motar shi ne wanda ta zo da shi, don haka muka sauke shi tun yana aiki muka sa sabo.

Sai kula, wato ƙaramin lagireton mai da ake kafawa a gaba, bayan ragar mota, inda iska ke fara bugawa. Iri biyu ake samu a kasuwar Gate da kuma Ladipo ta Legas. Akwai mai bututu ɗaya da ya lanƙwashe kamar maciji, akwai kuma mai faranti-faranti a jere. Mai farantin ya fi sanyaya mai ko da girmansu ɗaya, shi muka ɗauka. Idan tokumbo za ka saya, a wanke cikinsa sosai, domin mai yiwuwa daga motar da giyarta ta ƙone aka ciro shi, garin faibarta na nan a maƙale. Wajen haɗawa, mun bar man ya fara bi ta lagireto, daga nan ya shiga kula, sannan ya koma giya. Wasu suna tsallake lagireto gaba ɗaya don tsoron gaurayar ruwa, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu hakan na yiwuwa idan kular babba ce. Baba mai giya ya ce min da sabon lagireto gara a bar su su biyu su yi aikin, domin a goslo ruwa ya fi iska kwashe zafi. Abin da ba a wasa da shi shi ne tiyo. A sa wanda aka yi domin man giya, ba na fetur ko na ruwa ba, a ɗaure kowane baki da kilif, a kauce wa duk inda zai goga ƙarfe. Tiyo ɗaya ya fice a kan hanya, cikin 'yan mintoci man ya tsiyaye a titi.

Kula ba ta aiki sai da iska, kuma a goslo ba iskar da ke shigowa sai wadda fanka ta jawo. Fankar injin irin wannan mota tana da wani kuloci mai ruwan silikon a ciki, idan ya tsufa fankar na juyawa a ido amma ba ta jan komai. Muka canza shi, muka ƙara ƙaramar fankar lantarki a gaban kular. Ni kuma duk ranar da na dawo daga ƙauye sai na sa an wanke taɓon da ya toshe ramukan lagireto da kula, da ruwa marar ƙarfi don kada haƙoran su lanƙwashe.

Na uku mai. Kowace giya da irin nata, kuma galibi an rubuta a jikin sandar awo. Tawa Dexron take sha. Motocin da suka biyo bayanta wasu T-IV, wasu WS, ba a musanya su da ka. Giyar na cin kusan lita goma, amma idan aka kwance noti a ƙasa lita biyu zuwa huɗu kawai ke fita, sauran na cikin kwambata da bututu. Shi ya sa muka juye muka cika sau uku, ana ɗan yawo da motar a tsakani, har man ya koma ja. Muka sauke kaskon ƙasa, aka wanke rariya da maganaɗisun da ke kama garin ƙarfe. A kula da inda ake sayen mai, jabu ya yi yawa, kuma araha ba ta ado. Wanda giyarsa ta riga ta fara sulɓi kuma kada ya ɗauka sabon mai ko wani maganin kwalba zai tashe ta, wannan sai an buɗe.

Na huɗu shi ne abin da ake kira ƙara wa giya ƙarfi, inda samari suka fi son a fara. A ƙirar tawa akwai wata waya da ta taso daga totur ta shiga giya, ita ke gaya mata yadda ka taka, don ta ƙara matsin mai. Idan wayar ta saki, giya na shiga da laushi, kai kana jin daɗi, faiba kuwa na gogewa. Daidaita ta aikin minti goma ne. Bayan haka Baba ya sauke ƙwaƙwalwar giyar, wato allon ƙarfen nan mai hanyoyin mai kamar gidan tururuwa, ya wanke, ya gwada solinoyid ɗinta guda uku, ya sa ta riƙa kama giya da ɗan sauri. Yanzu idan ta canza kana jin ɗan bugu kaɗan. Wasu fasinjoji kan ce, "Liman, giyarka na da matsala." Ba matsala ba ce, gajeren kamu ya fi dogon sulɓi. Na kuma bar tayoyina a girman da kamfani ya sa. Manyan tayoyin nan da ake sawa don ado, kamar ka sa motar ta riƙa tashi da giya ta biyu ne kullum, kwambata ke biyan kuɗin adon.

Bayan wannan aiki, a goslon da allura ke haura 100 yanzu ba ta wuce 88. A taɓo da kaya ban ƙara ganin ta kai 100 ba. Duk abin da na kashe, har da lagireto, bai kai kusa da kuɗin giyar tokumbo ba, wadda ita ma ba ka san irin wahalar da ta sha a inda ta fito ba.

Ba kowa ne ya yarda da ni ba. Maigidana a harkar goro, dattijon da a gabansa na koyi tsintar daushe, har yau gani yake ɓata kuɗi na yi. Ya ce min, "Malam, duk wannan kame-kame na mene ne? Cire ta ka sa manuwal ka huta. Daga nan har Illela ba garin da za ka rasa mai gyaran kuloci. Batir ya mutu, yara su tura ka ta tashi." Na ce, "Gaskiya ne, Baba Alhaji." Kuma gaskiyar ce, manuwal ta fi sauƙin gyara, ta fi ƙarancin shan mai, shi ya sa masu haya suke juya tasu. Amma juyin ba ƙaramin aiki ba ne a mota mai ogzilari. Sai an taɓa wayoyi da kwamfutar mota, an nemo farfela da ta dace, an huda wurin feda, kuma na ga waɗanda aka juya suka fito da sababbin cututtuka. Ga shi gwiwar hagu ta fara ba ni labari, awa biyu ina taka kuloci a goslo sai in kasa tsayuwar asham. Shi yana kan ra'ayinsa, ni ina kan nawa, amma idan za shi asibiti motata yake aikowa a kira.

Rabin maganin zafi kuma a ƙafar direba yake, ba ya cin ko kwabo. Idan kana hawan tudu da kaya ka ji mota na kai-komo tsakanin giya ta uku da ta huɗu, danna maɓallin O/D da ke jikin sandar giya ta zauna a ta uku. A gangare ka sauko da ita 2 inji ya riƙe ta, birki ya huta. Idan ka tsaya a kan tudu, riƙe ta da birki, kada ka riƙe ta da totur. Goslo ya yi tsawo, mayar da ita N ko P. A taɓo mai zurfi ko hawa mai tsauri, tsaya ka sa L4 tun kafin ka shiga, domin tana ninka ƙarfin da ke zuwa taya kusan sau biyu da rabi, kwambata ta samu sauƙi. Da ka hau kwalta busasshiya ka cire ogzilari. Idan ka kafe, kada ka yi ta wurga ta D da R kana taka wuta, a cikin minti biyar za ka yi ɓarnar shekara, gara ka nemo mutanen ƙauye ka ba su na goro su tura. Idan fitilar zafi ta kama, sauka gefe ka sa P ka bar inji na aiki har ta mutu, domin idan ka kashe inji man ya daina zagayawa ke nan.

Abu biyu kuma da suka zama al'ada a garejinmu ina roƙo a bari. Na farko cire tamostat, wai ƙasarmu da zafi. A irin wannan mota kwamfuta ba ta barin giya ta huɗu da kullin kwambata su shiga sai ruwan inji ya yi ɗumin da ake so. Ka cire tamostat ka kama hanya da asubar hunturu ko cikin ruwan sama, inji zai daɗe bai ɗumama ba, kai kana murna allura na ƙasa, giya kuwa na can tana kaɗa mai. Na biyu jan mota da igiya. Famfon man giya inji ne ke juya shi. Ka ja otomatik tafiya mai nisa da inji a kashe, tayoyi na juya kayan ciki ba mai a jikinsu. Idan dole ne a ja, a kwance farfela tukuna, ko a nemo motar ɗauka.

Yanzu in zo ga abin da ya haɗa wannan magana da limanci. Kowace shekara idan Sallah ta matso, mutane kan kawo mota ƙofar masallaci bayan asuba su ce, "Liman, a yi mana addu'ar hanya." Ina yi, da zuciya ɗaya, kuma ba zan daina ba. Amma 'yan shekarun nan, idan an shafa fatiha nakan ce a buɗe min bonet. Bara wani yaro ɗan abokina ya zo da jif cike da matarsa da 'ya'ya huɗu da surukarsa, za su Gusau. Na ɗiga man giyarsa a takarda, baƙi ƙirin, ƙauri har daga nesa. Na ce, "Ɗana, don Allah ka ɗaga tafiyar nan kwana biyu." Ransa ya ɓaci, ya ce, "Baba Liman, ai Allah ke tsarewa." Na ce, "Shi ke tsarewa, kuma Shi ya ba ka hancin da za ka ji wannan ƙaurin." Surukar ce ta raba gardama, ta buɗe ƙofa ta sauko da jakarta. A motar haya suka tafi, shi kuma ya yi mako guda yana gaishe ni sama-sama. Da aka sauke kaskon giyarsa, garin faiba aka tarar kamar an zuba toka. Mai yiwuwa da ya tafi ya isa lafiya, mutane da yawa sun isa da abin da ya fi wannan lalacewa. Amma tun muna Islamiyya aka koya mana cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi, kuma wanda ya ɗauki rayuka bakwai a mota amana ya ɗauka. Su ba su san launin man giya ba, kai suka yarda da shi.

Gwajin nan kowa zai iya yi a ƙofar gidansa. Ka yi yawo da mota kamar minti goma sha biyar ta ɗumama, ka tsaya a wuri mai daidai, inji na aiki, ƙafa a kan birki, ka bi da sandar giya ta kowane matsayi ka dawo P. Zaro sandar awo ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya tsaya a alamar HOT. Ɗiga shi a farar takarda. Idan ja ne kamar zoɓo, alhamdu lillahi. Idan ya koma kamar shayi, lokacin canji ya yi. Idan baƙi ne mai ƙauri, ko ya yi fari-fari kamar an zuba madara, kada ka ɗauki iyali a motar sai mai giya ya gani. Kuma a yi duk wani aiki aƙalla mako biyu kafin tafiya, a samu lokacin gwada shi a cikin gari, kada a sauko daga gareji da daddare a kama hanyar Jebba da asuba. Masu motocin da shekarunsu suka haura ashirin da lagireton asali, su fara da shi. Wanda kuɗinsa bai kai duka ba, ya sa kula da tiyo mai kyau, ya rage kaya, buhu ɗaya ya biyo tirela.

Wanda bai gane wani abu a nan ba, ya same ni a rumfa ko bayan sallar la'asar, ya zo da motar da farar takarda, sai mu duba tare. Allah ya kai matafiyanmu gida lafiya, ya dawo mana da su lafiya, ya tsare mu daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, ya sa mu ga Sallah da rai da imani. Wassalamu alaikum.